Rumbun da aka hana Inna buɗewa

Ranar wata Laraba ce cikin watan Agusta, ina 'yar shekara tara, a ƙauyenmu na bakin gulbi kusa da Maraɗi. Tun hantsi hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, malamin makarantar allo ya sallame mu, muka kwaso da gudu muna murna, don a wautarmu ruwan sama wasa ne. Kafin azahar iska ta yaye jinkar ɗakin girki, ƙanƙara ta kashe mana kaji biyu, ruwa ya cika tsakar gida har gwiwata yana cin gindin rumbu.

Geron da ke ciki shi kaɗai zai kai mu kaka. Babanmu ya tafi cin kasuwa, gulbi ya tare shi. Inna ta ɗaure zane ta jingina tsani, ta ce mu jeru ta riƙa miƙo mana dammunan mu kai gidan maƙwabta a kan tudu. Ƙafarta na kan tsani sai Baba Illo, wan babanmu, ya leƙo daga zaure, ko jiƙewa bai yi ba.

"Sauko, Hadiza. Mace ba ta leƙa rumbun mijinta, albarka take kora."

Ta roƙe shi ta ce to shi ya hau mana. Ya ce ba ya taɓa rumbun ƙanensa a bayan idonsa. Ta sauko. Da la'asar muna tsaye muna kallo rumbun ya zauna, rabin geron ya bi ruwa, sauran ya ruɓe cikin taɓo. Wata biyu muna cin tafasa da dusa, ƙanwata tana kukan yunwa har muryarta ta dishe. Har Baba Illo ya mutu bai ce ya yi kuskure ba, sai dai "ƙaddara ce." An ce ba kyau fushi da mamaci. Na sani, amma in na tuna har yau zuciyata tafasa take.

Yanzu a birnin Lyon nake, can Turai, hawa na huɗu, inda ruwa ba ya iso mu. Bara Inna ta zo ganin jikoki. Da na je Paris tarbo ta na sayo ƙaramin buhun gero a unguwar Barbès don ta yi mana fura irin ta da. Na dawo daga aiki na tarar da buhun a ɗinke, tana jiran mijina ya zo ya buɗe. Na sa mata wuƙa a hannu na ce, "Inna, naki ne, farke shi." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ajiye wuƙar.

Gero kam mun sake nomawa, amma abin da aka karya wa Inna ran nan bai ɗoru ba.