Ranar da Baba Ya Buɗe Akwatin Kwamfuta

Baba ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana gyaran injin saƙa a Kakuri kafin a rufe masaƙar. Abu biyu ya fito da su daga can: tarin da ba ya jin magani, da ɗabi'ar jefa duk abin da ya kwance a aljihun gaban rigarsa. Ya ce a masaƙa in sukuru ɗaya ya faɗa cikin inji, yadi ya yage, kai ma aikinka ya ƙare. Don haka ko fanka yake gyarawa a tsakar gida, babu abin da ke taɓa ƙasa.

Ina aji biyar na sakandare ya ce zai saya mini kwamfutar tebur 'yar gwanjo, saboda jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta ake yin ta, ni kuwa rasa inda zan danna nake yi in na zauna gabanta a makaranta. Malamarmu ta faɗa mini abin da za mu duba, na rubuta a takarda. Kada kyan akwatin ya ruɗe mu. A duba ram, wato siririn allon nan mai kamar rula da ke sa ta sauri. A ga ko akwai gurbin da babu komai, don a ƙara wani nan gaba. A ga ko akwai wurin saka faifan ajiya na biyu. A shaƙa, ko akwai ƙaurin ƙuna. Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Ranar Asabar da hantsi muka je layin masu sayar da kayan lantarki, kusa da tasha. Mai shagon da muka shiga mutum ne kakkaura, yana ta taunar asuwaki. Ya bubbuga wani baƙin akwati.

"Baba, wannan ko banki ba su da irinta."

"To me ya sa bankin suka yar da ita?"

Ya yi dariya. "Ram ɗinta giga takwas ne. Ga shi a rubuce."

"Rubutun ai kai ka yi shi. Buɗe mu gani."

"A'a, nan ba a buɗewa. Ka ga sitikar nan a kan murfi? Wanda ya yaga, ya saya."

Babu wuta a layin. Ya ce mu jira ya tayar da janareta a baya, mu gan ta a kunne. Yana fita Baba ya zaro sukundireba. Na gan shi, na kuma san bai kamata ba, amma ni ba mai magana ba ce. Ko a aji sai an kira ni sau biyu. Na tsaya ina kallon ƙura a kan fankar rufi.

Bai yaga sitikar ba, da farce ya ɓanɓare ta a hankali. Sukurori huɗu suka shige aljihu. Ya jingina murfin da bango, ya sa hanci ya shaƙa.

"Ba ƙauri. Zo ki ƙirga."

Gurbi huɗu ne, biyu babu komai. Akwai kuma wurin faifai a ƙasa. Baba ya ji daɗi, har ya ce wannan za ta kai ni jami'a ta kuma dawo ta yi wa ƙannena. Ya danna maƙallan, ya zare ram ɗaya don ya karanta abin da ke jikinsa. Rubutun ƙanana ne. Ya jefa shi a aljihun gaba, ya sa hannu a wando yana laluben tabarau.

Daidai nan mai shagon ya dawo.

Daga baya muka ji cewa an daɗe ana zare musu ram a layin, don ƙarami ne, ga tsada. A lokacin dai abin da na ji shi ne, "Ɓarawo! Jama'a, na kama shi!" Ya shaƙe wuyan rigar Baba ya wanka masa mari, hular ta faɗa cikin akwatin da ke buɗe. Ya ja shi waje. Kafin Baba ya ce "Tsaya" sau biyu, shagunan sun zubo da mutane.

Wani ya share ƙafafunsa, ya faɗi a gefen kwata. Wani ya zare bel. Wani dogo mai jar riga ya ciro katako daga jikin benci, da ƙusa a bakinsa, ya sauke a bayan Baba, na ji ƙarar kamar ana kaɗe katifa. Takalma suka rufe shi. Ina hango hannunsa ɗaya kawai, ya kare kai, zoben azurfarsa ya yi ja. Duka ɗaya ya same shi a kunnen hagu, jini ya bi wuya ya shiga riga.

"Tsoho da furfura! Ba kunya!"

"Ku karya hannun!"

"Har da 'yarsa yake zuwa, don a ce mutumin kirki ne!"

Ina tsaye a ƙofar shagon. Sai na ga wani yana garo tsohuwar taya daga wajen mai faci, wani kuma ya nufi bayan shago inda jarkar fetur take.

Ban san yadda na ratsa su ba. Na san dai bel ya same ni a kafaɗa, hijabina ya maƙale a wani abu ya yage. Na faɗa kan Baba, na cusa hannu a aljihunsa, na kwaso duk abin da ke ciki na ɗaga sama: ram, sukurori huɗu, da takardar. Na buɗe ta na fara karantawa da ƙarfi, kamar an tsayar da ni gaban aji. "A duba ram. A ga ko akwai gurbin da babu komai." Na ci gaba. Da na kai ƙarshe na koma farko.

Wata mata mai sayar da shinkafa, da gicciye a wuyanta, ta ture mutane da ludayi a hannu. Ta leƙa fuskar Baba ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Bakaniken masaƙa ne! Shekara nawa yana cin abinci a wajena a bakin get! Kai mai jar riga, ajiye katakon nan ko in fasa maka kai!" Ta kama hannuna ta juya tafin don kowa ya gani. "Ku duba. Wane ɓarawo ne ke satar sukuru mai tsatsa? Haka duk suke yi a masaƙa, komai aljihu!"

Wani dattijo, shugaban 'yan layin, ya karɓi takardar ya karanta, ya shiga shagon, ya ga murfi a jingine da sitika lafiya lau a gefen tebur. Da ya fito, rabin mutanen sun zame. Tayar tana kwance a tsakiyar hanya, babu mai ita.

Aka zaunar da Baba a benci. Matar ta wanke masa fuska da ruwan leda. Leɓensa ya kumbura, haƙori ɗaya ya tafi. Kunnen nan har yau ba ya ji da shi.

Mai shagon ya durƙusa. "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Sharrin shaiɗan ne. Mu je kemis."

"Ɗaure mini kwamfutar."

"Baba, bar maganar kwamfuta yanzu."

"In na fita layin nan hannu wofi, gobe za a ce ɓarawon ya sha da ƙyar. Ɗaure ta. Ka rubuta rasit, ka sa hannu, shugabanku ma ya sa."

Aka yi yadda ya ce. Na ɗauki allonta mai kama da talabijin, shi ya ɗora akwatin a kafaɗar da ba ta ji ciwo ba. Masu keke suka yi ta tsayawa, ya ƙi shiga. Sai da muka taka layin tun daga farko har ƙarshe, a hankali, yana ɗingishi, yana yi wa kowane shago sallama. Wasu suka amsa. Mai jar riga ya shige ciki.

A bakin titi muka hau keke. Direban ya waigo ya dubi rigar Baba.

"Subhanallahi! Alhaji, hatsari kuka yi?"

"Sayayya muka yi," in ji Baba. "Makera za ka kai mu. Ka bi ramukan nan a hankali."