Malam Sajo da Ranar da Wuta Ta Yi Yawa a Garo

Kullum da hantsi Malam Sajo yakan buɗe shagonsa da ke bakin titi a Garo, ya share ƙofa, ya jera rediyo da talabijin da fankokin da aka kawo masa gyara. Kafin ya taɓa komai sai ya ɗaga kai ya dubi ƙwan fitilar da ke saman ƙofa. In haskensa daidai yake, ya kama aiki. In ya yi ja ko ya yi fari fat, ya zauna ya jira.

Shekara da shekaru abu ɗaya yake faɗa mana: in an ɗauke wuta a cire komai daga soket, in an dawo da ita a dubi ƙwan fitila tukuna, domin wutar farko ita ke cin kaya. Mu kuwa da yara sun yi ihun an kawo wuta, kowa sai ya ruga ya jona firji da caja. Har suna aka sa masa, Malam A-cire, yana ji ya yi murmushi.

A daminar bana, wata rana da azahar, iska ta haɗa wayoyin lantarki a unguwarmu, wuta ta yi yawa. Malam Sajo yana masallaci ya ga ƙwan da ke ciki ya yi fari ya fashe. Shagonsa na can nesa, kayan mutane na jone yana gwada su. Gidajenmu ne kusa, maza kuma duk suna gona. Sai ya zaɓi gidajen.

Na ji sallamarsa a zaure, na amsa ƙasa-ƙasa yadda aka koya mana, na ce maigidan ba ya nan.

"Ba shi nake nema ba, amarya. Cire firjinki daga bango yanzun nan."

Firjin da babana ya saya mini ne na aure, da shi nake sayar da zoɓo. Ina zare wayar na ji ƙauri na tashi daga cajar da na bari a ɗaki. Kafin in ce na gode ya wuce gidan Murja maƙwabciyata. A gida na gaba Inna Asibi, tsohuwar unguwarmu, ta leƙo ta ce, "Kai Sajo, da furfurarka kake gudu kamar an biyo ka?"

"Inna, ki zage ni an jima. Cire fankar tukuna."

Lokacin da ya isa shago, talabijin ɗin da Alhaji Dalhatu ya kawo gyara da wayoyin mutane da ke caji duk sun ƙone. Da yamma a majalisa aka ce mai yi wa mutane wa'azin a cire ya bar kayansu a jone ya tafi yawo. Bai ce komai ba. Da ya faɗi inda ya je, da ya ce ya bi gidajen matan aure mazansu ba sa nan, kuma ya san akwai gidan da wannan maganar za ta zama rigima. Mu ma da muka sani muka yi shiru. Murja ta ce mijinta ba ya son jin namiji ya tsaya masa a zaure. Ni nawa ba haka yake ba, nauyin baki ne kawai. Firjina na ta aiki, ina jin ana kai gyara Gwarzo da Kabo, shagon Malam Sajo ya zama babu kowa. Yanzu an ce bayan kaka zai rufe ya koma gona.

Malam Sajo, kai ne ka bar naka ka tsare namu, ka kuma rufa mana asiri da bakinka. Ban taɓa iya haɗa ido da kai ba, yanzu ma da kunya nake rubuta wannan. Na gode. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare maka mutuncinka.

Makon jiya na faɗa wa maigidana komai. Ya ce in rubuta, shi zai karanta a majalisa. Mazan Garo, ku tambayi iyalanku wa ya yi sallama a ranar nan, kada kuma ku yi musu faɗa. Masu sana'a su yi koyi da shi, mu kuma mu riƙa cire kaya in an ɗauke wuta. Wanda ke da gyara ya kai masa kafin kaka. Jiya maigidana ya ɗauki fankarmu ya kai shagon, ko da yake lafiyarta ƙalau.