Muryar Mijin Thankamma

Thankamma ba ta taɓa kiran kanta mai magani ba. Sana'arta tufkar igiya da zaren ɓawon kwakwa, a wani ƙauyen bakin ruwa kusa da garin Alappuzha. Ƙurar aikin nan ce ta koya mata sha'anin busasshen tari, sauran kuma ta gada wurin kakarta, wadda ta san Ayurbeda, ilimin maganin gargajiya na ƙasarsu, daidai gwargwado. Citta da masoro da ganyen ɗoɗɗoya a tafasa da mazarƙwaila, madara mai ɗumi da kurkum da ɗan man shanu, shi ke nan. Zuma kuwa sai abin ya huce take sawa, don a wurinta zumar da ta ji zafi ta tashi daga magani.

Kowa a unguwar yana jin maganarta, ban da mijinta Velayudhan. Shi ne mai ba da waƙa a dogon kwalekwalen ƙauyen ranar tsere, da muryarsa matuƙa ke haɗa bugun filafilai. Bana tari ya sarƙe shi a wurin gwaji, waƙa ta yanke, filafilai suka yi ta karo da juna. Dattawa suka ce in ya sake, Sadanandan zai karɓa, wanda Velayudhan da kansa ya koya wa waƙar.

Ya dawo gida ya zauna yana tari. Tausayinsa ya kama ta, amma ba ta nuna ba.

"Baban Sulochana," ta kira shi da sunan 'yarsu, "magani zan dafa, amma da sharaɗi. Ba kindirmo, ba ruwan sanyi, ba soye-soye."

"To me ya rage a duniyar, Thankam?"

"Fate-faten shinkafa."

Ya amsa da to, washegari kuma ta ji ƙamshin soyayyar ayaba a gashin bakinsa. Ta ajiye tufka, ta bi mai shayi da mai kifi da ƙanwar mijin nata, ta yi musu magana ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar, duk inda ya zauna ruwan ɗumi ake miƙo masa.

"Yaya Thankamma ta hana," in ji mai shayi. "Kai abokina ne, amma ita nake tsoro."

Ya yi mita har ya gaji, ya sha maganinsa yana yamutsa fuska. Ita ma ta bar kindirmo, don kada ya gani a kwanonta. A hankali tarin ya lafa.

Ranar tsere tana tsaye a bakin ruwa cikin mata, tana kasa kunne duk sa'ad da ya ja numfashi. Muryar ta fita tar daga farko har ƙarshe. Kwalekwalensu bai zo na ɗaya ba, amma filafili ko ɗaya bai saɓa ba.

Da suka sauka, a gaban dattawa, Velayudhan ya dafa kafaɗar Sadanandan ya ce baɗi wannan ne zai ba da waƙa.

A hanyar gida ta kasa haƙuri.

"Duk wahalar nan da na sha, ashe ajiyewa za ka yi?"

"Da ma na yi niyya tun bara," in ji shi. "So nake in sauka da ƙafata, kada a ce tari ne ya sauke ni."

Ta rage sauri har ya iso daidai da ita, suka ƙarasa gida tare.