Anti Mai Madubi, Wadda Ta Tare Ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya yi wa ma'aikaciyar ɗakin gwajin asibitin unguwarmu rasuwa, wadda kowa ke kira Anti Mai Madubi. Ba jinya ta yi ba. Mijin yayata ne ya fasa mata kai a bakin aikinta, ina tsaye ina gani.

Anti, ban iya magana a cikin mutane ba, kin sani, shi ya sa na rubuta.

Ranar da na fara shiga wurinki, daga makaranta nake, na ɓoye kwalbar fitsarin Yaya a cikin hijabi. Kika ce, "'Yar Kunya, fito da shi mana, fitsari ne ba zinariya ba." Sunan ya bi ni. Na gaya miki abin da aka ce in faɗa: jini Yaya take fitsarwa, mijinta ya ce tsargiya ce, a tabbatar kawai ya sayo magani.

Kika juya kwalbar a inji, kika ɗiga abin da ya kwanta a kan ɗan gilashi, kika sa a madubin likita, mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Da kika ga ina leƙe, kika matsa mini. Na ga ƙananan zobba birjik, kika ce jini ke nan. Kika zana mini ƙwan tsargiya a tafin hannu, mai ɗan tsini a gindi, kika ce in nemo shi. Na nema har idona ya yi ruwa, babu. Kika ce in kawo na tsakar rana, ɗigon ƙarshe, don a nan ƙwai ya fi fitowa. Na kawo. Nan ma jini zalla.

Al'adarki ce, in abin da kika gani ya saɓa da abin da aka faɗa miki, ba kya sallamar ɗan aike sai kin ga mai fitsarin da idonki. Abokan aikinki suna yi miki tsiya, wai kin fiye bin diddigi. Da Yaya ta zo, kin lura a karkace take zama. Kika tura ƙofa, kika roƙe ta ta ɗaga rigarta. Tun daga haƙarƙari har ƙugu fatar ta yi baƙi, ga shatin takalmi a daidai ƙoda. Ba ki yi mata faɗa ba. Kika share mata hawaye da hannun farar rigarki, kika kama ta har gaban likita. Daga asibiti Baba ya wuce da ita gida.

Nan aka fara sintiri. Dangin miji suka ce a rufa asiri. Gwaggonmu ta ce kowace mace da haƙuri take zaune. Mijin kuwa ya dage tsargiya ce, wai ke kika haɗa ƙarya don ki kashe masa aure. Har Yaya ta fara haɗa kayanta za ta koma.

Ranar da muka dawo a sake dubawa, ashe yana biye da mu. Ya banko ƙofa, ya hankaɗe teburin kwalabe, gilasai suka tarwatse, ya damƙi wuyan Yaya ya buga ta da bango. Kika fizge ta, kika cusa ta ƙaramin ɗakin da ake ba da fitsari, kika ja ƙofar, kika jingina bayanki. Ya ce ki faɗa a gaban kowa tsargiya ce, sannan ki ba shi matarsa.

Kika ce, "Malam, na duba, babu ƙwai. Duka ne. Kuma ba zan matsa ba."

Ya ɗauki madubin da hannu biyu. Bugun farko ya same ki a goshi, kika durƙusa, amma hannunki na kan mariƙin ƙofa. Na biyun ne na ji ƙararsa, har yau ina jin ta. Jini ya wanke farar rigar, ya gangara ƙarƙashin ƙofa har ƙafar Yaya. Kafin masu gadi su danne shi, kin daina motsi. Sai da aka janye ki sannan ƙofar ta buɗu.

Bayan an kai ki makwancinki, wata daga dangin mijin ta sake zuwa da maganar sulhu. Yaya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce an tare mata ƙofa da rai, ba za ta buɗe ta da hannunta ba. Ta kwance kayan da ta haɗa. Ni ma an ce zan ba da shaida a gaban alƙali. Abin da na gani shi zan faɗa.

Jiya abokin aikinki ya duba fitsarin Yaya da madubin aro. Ya bar ni na leƙa. Anti, ya washe, babu zobe ko ɗaya.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya buɗe miki ƙofar Aljanna. Ga Mama mahaifiyarki, da maigidanki, da 'yan biyunki da har yanzu suke leƙen hanya in la'asar ta yi, ina miƙa ta'aziyyar gidanmu baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ta bari. Amin.