Giginyar bayan rumbun Goggo

Shekara biyu na yi a makarantar Midil ta Kano na gudo. Ba korata aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ba na iyawa. Na komo ƙauyenmu kusa da Doguwa da littafin lissafi guda da baki mai yawa.

Da ranin nan Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana son azara don rufin zaure, ya ce a sare giginyar bayan gida. Matsalar ita ce ta ɗan karkata wajen rumbun Goggo, yayarsa, wadda mijinta ya rasu, dawar da za ta ci har kaka tana ciki. Kawu ya ce a kwashe dawar tukuna, aikin kwana biyu.

Na ce, "Kawu, ba sai an kwashe ba. Zan faɗa maka tsawonta ban hau ba."

"To, ɗan boko, da aljani za ka auna?"

"Da inuwa."

An koya mana wannan. Ka kafa sanda, ka auna ta, ka auna inuwarta, sannan ka auna inuwar itacen. Yadda sanda take da inuwarta, haka itacen yake da tasa. Da hantsi na kafa sanda kamu biyu, inuwarta ta ba ni kamu uku.

Ina ɗaukar igiya zan nufi giginya sai ga wani dattijon Bafulatani, aminin kakana, ya yi sallama. Na durƙusa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Kano da mutanenta, ya tambayi mahaifiyata, ya ba ni labarin saniyarsa da ta karye. Wa zai miƙe dattijo bai sallame shi ba? Har aka kawo fura muka sha.

Da ya tafi na auna inuwar giginya, kamu arba'in da biyar. Na zana a ƙasa, tsawonta talatin ke nan. Daga gindinta zuwa rumbu kuwa talatin da huɗu.

Goggo ta ce, "Ɗan nan, ka tabbata? Ba ni da wata dawar fa."

"Lissafi ba ya ƙarya, Goggo."

Aka sa gatari. Kan giginyar ya sauka daidai wuyan rumbu, ya tsaga shi har ciki. Dawa ta zube cikin ƙasa da ɓaraguzai. Goggo ta ɗauko faifai ta durƙusa.

Kwana uku muna tsinta muna sheƙewa, wadda ta tafi ta tafi. A rana ta biyu, ina cuɗa ƙasar gyaran rumbu, na lura inuwar katanga ta janye daga ƙafata. A nan na gane. Ran nan ina durƙushe ina gaida dattijon rana tana hawa, inuwa tana gajarta. Na auna sanda a wani lokaci, giginya a wani. Wataƙila malaminmu ya faɗa, ni kuwa ina leƙen taga.

Na bayyana wa Kawu. Ya ce, "To lissafin bai yi ƙarya ba, amma Goggonka ce za ta ji a tukunya."

Damunar nan ban je ko'ina ba, karo na farko. Na noma mata gonarta, kuma dawar da ta rasa daga tawa aka cike.