Shekarar da Ciyawa Ta Rasa Mai Ci

Na dawo gida bayan na sauke karatu a shekarar da ta biyo bayan annobar shanu. Ƙauyenmu yana tsakanin Kona da Tasawa, kuma tun tasowata ban san dajinmu babu garke ba. Wannan karon babu. Damina ta yi kyau, ciyawa ta fito ba mai ci, ta yi tsawo har mai jaki yakan ɓace a cikinta. Bayan kaka ta bushe a tsaye.

Mahaifina yana da aboki, wani dattijon Bafillace da ke sauka gonarmu kowane rani shanunsa su yi mana taki. Karsana ɗaya annoba ta bar masa. Da ita ya zo, yana jan ta da igiya kamar akuya.

Ban san wanda ya sa wutar ba. Wasu sun ce maharba ne, wasu sun ce masu ɗibar zuma, ni kuwa ba na so in ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne hayaƙi ya taso daga gabas da hantsi, ya yi ta hawa har ya rufe sama. Rana ta koma ja, girman faifai, ana kallonta ido buɗe. Inuwa ta ɓace. Aka tambaye ni ko azahar ta yi, na duba ƙasa babu abin aunawa, na ce wataƙila. Shirwa ba iyaka suna kutsawa cikin hayaƙin suna cafke fara. Barewa ta ratso tsakiyar gari, karnuka suka bi ta da ido kawai. Ƙarar wutar kuwa, in ban yi kuskure ba, kamar ruwan sama ce a kan karan dawa, sai dai babu sanyi a bayanta.

A bakin gonaki wutar ta tsaya, inda ƙasa take a share. Da muka fita, daji baƙi ƙirin har iyakar gani. Gawon gonarmu kaɗai ke tsaye kore shar, don shi da rani yake ganye. Na daɗe ina kallonsa.

A gidanmu ba a sa wa gawo ƙarfe. Haka kakanmu ya bari: abin da ya faɗo kaɗai ake tsinta. 'Ya'yan gawon kuwa ba su nuna ba tukuna, ga haƙarƙarin karsana ya fara fitowa.

Dattijon ya ce wa mahaifina, "Kaɗo, itacenka ya ƙoshi, 'yata na jin yunwa."

"Kai Bafillace, ka taɓa shuka ko tsinke?" in ji mahaifina. Ya juyo gare ni. "Malam ƙarami, me littafi ya ce?"

Na ce, a iyakar sanina, ban ga hani ba, kuma dabba tana da haƙƙi, amma maganar kaka ma ba abin wasa ba ce, kuma Allah ne masani.

"Don wannan amsar na tura ka Katsina?" in ji mahaifina. Dattijon ya yi dariya har da tari.

Mahaifina ya shiga gida ya fito da gatari. Bai ba kowa ba. Shi ya hau da kansa, da tsufansa, ya zaɓi ƙananan rassa na gefe, yana sara yana istigfari. Karsana ta sa baki tun reshen farko bai gama faɗuwa ba.