Sassaƙen Maɗaci

Lokacin da aka sallamo 'yata daga asibiti, likita ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a. Wata tsohuwa a unguwarmu ta Kachalla Sembe ta ce in jiƙa mata sassaƙen maɗaci, amma sai na tsohuwar bishiya. A garinmu, can wajen Iware, ba a neman maɗaci, yana nan ko'ina. A Jalingo kuwa sai da na je lambun shaƙatawa.

Na shiga da hantsi, wuƙa a ɓoye cikin zani. Bishiyoyi ne a jere, dogaye, sabon ganyensu ja-ja kamar an shafa manja, iska tana ratsa su a hankali. Wata uku ban kalli komai ba sai kwanon wanki da fuskar yarinyar. Na daɗe tsaye kaina a sama, har na ji kunyar daɗin da nake ji.

Da na sauke ido, sai na ga kowace an sassaƙe ta iya inda hannu yake kaiwa. Mu yadda aka koya mana, ana ɗiba kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, a shafa ƙasa a ciwon don ya warke. Babbar cikinsu kuwa an zagaye ta kaf, saura ɓawo mai faɗin tafin hannu.

Mai gadi ya ƙaraso, wani dattijo da sanda.

"Mama, wuƙar nan ta ɓare lemo ce ko?"

"Baba, yarinyata ce ba lafiya."

"Kowa haka yake cewa. Ni ma da na kwanta, nan matata ta zo ta sata." Ya yi dariya, sai kuma ya daina. "In kin cire wannan, ta mutu. Ɗebi na ƙananan."

"An ce sai babba."

Ya dube ni, ya dubi bishiyar, ya koma bakin ƙofa ya ba ni baya. Na yanka. Na shafa ƙasa, ko da yake na san ba abin da za ta yi.

'Yata ta sha cokali biyu, ta yamutsa fuska, ta ce, "Inna, bari haka." Ban ƙara matsa mata ba.

Da damina ta zagayo na bi ta wajen a keke napep, lokacin 'yata ko zama ba ta iya yi. Duk lambun ya yi shar, babbar nan kaɗai ba ganye. Ban ce mai keke ya tsaya ba.